Man zaitun da girkin Italiya: wane mai ake saye, kuma yaya ake girki da shi a zafin Maraɗi?

Uwargida, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san girkin Italiya. Supageti da man zaitun da tafarnuwa nake son iyawa, amma abu biyu ke ɓata min shi: ɗaci, da kuma man da ke kwanciya a gindin kwano ya bar taliyar a bushe. Tambayoyina uku ne. Man zaitun ɗin da ake sayarwa a shagunan maganin Musulunci, tare da habbatus sauda da zuma, shi ne dai na girkin ko daban suke? A butik kuma kwalabe kala-kala ne, wata ta ninka wata kuɗi, to me ake dubawa? Na ƙarshe, a zafin nan namu ina ake ajiye shi kada ya lalace? Na gode.

Mai Butik, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in ɗauki maganar saye, masu girki su ɗauki sauran.

Duk man zaitun daga 'ya'yan itace ɗaya yake fitowa, amma hanyar fitar da shi ta raba shi daraja-daraja, kuma darajar tana rubuce a jikin kwalba. Na sama shi ne wanda aka rubuta wa "vierge extra" da Faransanci, "extra vergine" da Italiyanci, ko "extra virgin" a kayan da ke shigowa ta Jibiya. Shi niƙa zaitun kawai aka yi, aka raba mai da ruwa da tuƙa da inji, babu wani sinadari. Ƙa'idar Majalisar Zaitun ta Duniya, wadda ke da mazauni a Madrid tun 1959, ita ce tsaminsa na awo kada ya wuce kashi 0.8 cikin 100, kuma masu ɗanɗano kada su ji aibi ko ɗaya a cikinsa. Wannan tsamin ba harshe ke jin shi ba, a ɗakin gwaji ake auna shi. Mai bi mishi shi ne "vierge" zalla, shi an yarda ya kai kashi 2. Daga nan sai wanda aka rubuta wa "huile d'olive" kawai, wani lokaci da ƙarin "pure" ko "light". Sunan na ruɗi: mai ne da aka tace a masana'anta har ƙanshi da launi suka tafi, sannan aka zuba mishi ɗan na sama don ya samu ɗanɗano. Na ƙasa duka shi ne "huile de grignons d'olive", Italiyawa su ce "olio di sansa", a Ingilishi "pomace". Wannan daga tuƙar da ta rage ake zuƙo shi da sinadari, kamar a ce an koma kan tunkuza an sake tatso abin da ya saura, sai a tace. Ana ci, ba haramun ba ne, ba guba ba ne, sai dai ba shi da ƙanshin da kike nema. Sau da yawa kalmar "grignons" ko "pomace" da ƙananan baƙaƙe ake rubuta ta a ƙasa, hoton zaitun kuma ya cika gaban kwalbar, don haka sai kin juya kin karanta.

Na shagunan magani kuwa, ba hukunci ɗaya gare su ba. Akwai na ci mai kyau a cikinsu, akwai wanda aka rubuta mishi "usage externe", wato na shafawa kaɗai, akwai kuma wanda aka ɗura daga babban bido zuwa ƙananan robobi babu ranar ƙarewa, babu sunan ƙasa. Na biyu da na uku kada su shiga tukunya. Mutanenmu sun san zaitun ta hanyar Alƙur'ani, Suratut Tin da aya ta 35 ta Suratun Nur, shi ya sa aka fi kallonsa a matsayin magani, cokali guda da safe. Amma a ƙasashen da ake noma shi man miya ne na kullum, kuma albarkar itacen ba ta hana man da ya shekara biyu a rana lalacewa.

Ga abin da za ki duba bayan daraja. Kwalbar ta zama mai duhu, koriya ko baƙa-baƙa, ko gwangwani, domin haske yana kashe mai. Ki nemi "à consommer de préférence avant", wato ranar ƙarewa: yawanci wata 18 ake ba shi daga ranar ɗurawa, don haka in saura wata 3 ko 4 ya cika, ya riga ya tsufa. In an rubuta shekarar girbi, ita ta fi faɗin gaskiya. Ana girbin zaitun a ƙasashen Bahar Rum daga Oktoba zuwa Janairu. Rubutun "extraction à froid" yana nufin zafin aikin bai kai digiri 27 ba. Sannan ki duba hatimin marfi, in an taɓa buɗe shi ki bari.

Kada tutar Italiya ta ja ki. Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa fitar da man zaitun, da nisa ma, musamman yankin Hayen a Andalus. Italiya tana cinye fiye da abin da take nomawa, tana sayowa daga Sifaniya da Girka da Tunisiya ta ɗura a nata kwalabe, dokar Tarayyar Turai kuma ta tilasta a rubuta asalin man a jikin kwalba. Za ki ga "mélange d'huiles d'olive originaires de l'Union européenne", wato gauraye ne. Ba laifi ba ne, sai dai babu dalilin biyan kuɗin suna. Man Tunisiya ko Maroko ko Aljeriya sabo ya fi na Italiya da ya daɗe a kanta. Tsadar da aka gani a 2023 da 2024 kuwa fari ne da ya faɗa wa Sifaniya, girbin 2022/2023 ya faɗi da fiye da rabi. Kuma lita ɗaya tana cin zaitun kilo 5 zuwa 7 ko fiye, don haka wanda ya kawo miki "vierge extra" a kuɗin man gyaɗa, ki san akwai magana. Algus ɗin da aka fi sani shi ne gauraya shi da man waken soya ko na furen rana a sa mishi launi kore.

Gwajin firigo da ake yaɗawa, wai in ya daskare na gaske ne, ba hujja ba ce. Gaurayayyen ma yana iya daskarewa, na gaske kuma wani bai daskarewa sosai. Launi ma ba hujja ba ne, shi ya sa ƙwararrun masu ɗanɗano suke zuba shi a kofi shuɗi don kada ido ya rinjaye su. Gwajin gida shi ne hanci da harshe. Ki zuba cokali ɗaya a ƙaramin kofin shayi, ki rufe bakin da tafin hannu, ɗaya hannun ya ɗumama gindin kamar minti ɗaya, ki buɗe ki shaƙa. Mai kyau yana ƙanshin ɗanyen ganye, irin na ciyawar da aka yanko ko ganyen tumatur da aka murza. Ki kurɓa kaɗan: za ki ji ɗan ɗaci a harshe, sai kuma wani yaji ya kama maƙogwaro har ki yi tari. Wannan alamar lafiya ce. Lalatacce kuwa warin tsohuwar gyaɗa yake, ko na kyandir, ya bar maiƙo a baki babu yajin.

Tsohon Kuku, Bagalam

'Yata, Mai Butik ya gama miki da kwalba. Ɗacin da kike ji kuwa, sau tara cikin goma ba daga man ba ne, daga wuta ne.

Mu nan mun saba da ƙa'idar man gyaɗa na ƙuli: a ɗora shi ya yi zafi, a jefa albasa ta ƙone, gafin ya fita, sannan a fara miya. Wannan ƙa'idar daidai take ga man gyaɗa, amma ita ce ke kashe man zaitun. Shi ba shi da gafin da za a kora, ƙanshin da kika biya kuɗi dominsa shi ne farkon abin da zafi ke kwashewa. Tafarnuwa kuma ruwanta kaɗan ne, zaƙinta da yawa, in ta faɗa mai mai zafi cikin daƙiƙa 20 ta yi ja, daga ja sai ɗaci, ɗacin kuma ya bi man duka. In ta ƙone babu gyara, a zubar a wanke kasko a sake.

Ga yadda ake yin wanda Italiyawa ke kira "aglio, olio e peperoncino", wato tafarnuwa, mai da tonka, girkin kudancin ƙasar ne na talakawa. Na mutum huɗu: supageti giram 400, man zaitun cokali 6 na cin abinci (wajen mililita 90), tafarnuwa ƙwaya 4 manya, ko 6 in ƙanana ce irin ta Agadas, busasshen tonka 1 ko 2, ganyen farsil cikin hannu guda, da gishiri. Babu magi, babu kori, babu albasa.

Ki ɗora ruwa lita 3. Ƙa'idar littafi lita 1 ce ga kowane giram 100, amma a wannan girkin ana rage ruwan da gangan don ya yi kauri da sitacin taliya, shi za ki yi aiki da shi daga baya. In ya tafasa ki zuba gishiri giram 25, wajen cokali ɗaya da rabi. Kada ki zuba mai a ruwan, asara ce, sama yake tasowa ya bi ruwa ya tafi. Abin da ke hana taliya mannewa shi ne motsawa a minti biyun farko. Karya supageti kuwa Italiyawa na ganin kamar saɓo ne. In tukunyarki ƙarama ce ki tsayar da ita a ruwa, daƙiƙa 30 ta yi laushi ta nutse da kanta.

Lokacin da taliya ta shiga ruwa, lokacin ne za ki fara mai. Ki yanka tafarnuwar siri-siri da wuƙa, kauri ɗaya, kada ki daka, domin dakakkiya ta fi saurin ƙonewa. In akwai koren tsiro a tsakiyarta ki cire. Ki zuba mai da tafarnuwa a kasko mai faɗi tun yana da sanyi, sannan ki ɗora a wuta mafi ƙanƙanta. A gaz wannan mai sauƙi ne. A murhun gawayi sai ki janye garwashin gefe ɗaya, ko ki yayyafa mishi toka, ki ɗora kaskon a gefen. Abin da kike son gani shi ne ƙananan kumfa suna fitowa a gefen kowace ƙwaya a hankali, ba ƙara. Minti 4 zuwa 5 tafarnuwar za ta koma launin ƙosai tun bai gama soyuwa ba, fari mai ɗan rawaya. Nan ki sa tonkan da kika farfasa, ki ƙirga 30, ki ɗebo ruwan taliya ludayi ɗaya ki zuba. Ruwan ne birki, shi ke tsayar da suyar. Ki ɗan ja baya don yana fantsama.

Yanzu maganar man da ke kwanciya a gindi. Ki duba mintocin da aka rubuta a leda, in an ce 10 ki cire taliyar a 8, tana da sauran ɗan ƙarfi a tsakiya. Kafin ki tsiyaye ki ajiye ruwan kofi biyu. Kada ki ɗauraye ta da ruwan sanyi, al'adar nan ita ce ke wanke sitacin da zai riƙe man. Ki juye ta kai tsaye cikin kasko, ki ƙara wuta, ki riƙa juyawa da ƙarfi da muciya ko manyan cokula biyu, kina ƙara ruwan taliya rabin ludayi duk lokacin da ya tsotse. Mai da ruwa ba sa haɗuwa da kansu, sitaci ne ke ƙulla su, juyawar kuma ita ke farfasa man ya zama ƙananan ɗigo. Cikin minti 2 za ki ga ruwan ya koma fari-fari mai ɗan yauƙi ya lulluɓe kowane sili. In kin karkata kasko kika ga mai zalla yana gudu, ruwa ya yi kaɗan, ki ƙara. In kika ga ruwa tsararo, ki ci gaba da juyawa a wuta. Ki sauke, ki zuba farsil da ɗanyen mai cokali ɗaya, a ci nan take. Wannan ba abincin da ake zubawa a kula a jira maigida ba ne, minti 10 ya isa ya rabu.

Irin taliyar ma tana da hannu. Ki nemi wadda aka rubuta wa "semoule de blé dur", wato alkama mai tauri. A Italiya tun 1967 doka ta ce busasshiyar taliya da ita za a yi. Wadda aka yi da fulawar burodi tana saurin caɓewa, sai ki rage mata minti 3 ki riƙa ɗanɗanawa. Taliyarmu ta murji kuwa ta fi kama da ɗanyar taliyar arewacin Italiya, wadda ake kwaɓa fulawa giram 100 da ƙwai 1. Ita minti 2 zuwa 3 ta isa, kuma ta fi dacewa da miyar tumatur ko man shanu a kan wannan girkin.

Maman Biyu, Zariya

Baba Kuku Allah ya ƙara lafiya. Ƙari ɗaya: "vierge extra" ai ba a suya da shi sam, yana ƙonewa ya zama illa. Ɗanye kawai ake cinsa a salak.

Tsohon Kuku, Bagalam

A'a Maman Biyu, maganar ta yaɗu amma ba haka take ba. Mai kyau yana fara hayaƙi ne wajen digiri 190 zuwa 210, suyar dankali ko kifi kuma a 170 zuwa 180 ake yin ta, kin ga akwai rata. A kudancin Italiya da Andalus suna suya da shi. Abin da ke hana mu ba lafiya ba ce, aljihu ne, kuma ƙanshin ba ya tsira daga doguwar suya. Su kansu Italiyawa in za su yi suya mai nutso, da yawansu man gyaɗa tatacce suke saye, "olio di arachidi", don yana jure zafi har wajen 230. Mu da muke zaune a ƙasar gyaɗa ba mu da dalilin tsoma ƙosai a man zaitun. Kuma ba duk Italiya ke girki da shi ba: a arewa, wajen Milan, man shanu ne ke gaba a shinkafarsu da tuwon masararsu da suke kira polenta.

Malamar Girki, Mokoyo

Yaya Uwargida, in ƙara miki biyu da za su fi shiga bakin yara, sannan in amsa maganar ajiya da ba a taɓa ba tukuna.

Miyar tumatur ta Italiya ba jar miyarmu ba ce. Mu muna niƙa tumatur da tattasai da attaruhu, mu soya har mai ya taso sama ya yi ja wur. Su tumatur kaɗai suke so a ji, ɗan dahuwa kaɗan. Na supageti giram 400: tumatur nunanne kilo 1, mai dogon jiki mai tsoka ya fi mai ruwa, man zaitun cokali 4, albasa rabi ko tafarnuwa 2 (ɗaya daga ciki, ba duka ba), gishiri, da ganyen ɗoɗɗoya. Ki tsaga gindin kowane tumatur kaɗan, ki tsoma a tafasasshen ruwa daƙiƙa 40, ki juye a ruwan sanyi, ɓawon zai saɓule da yatsa. Ki raba biyu ki matse 'ya'yan, ki murmushe tsokar da hannu. Na'urar niƙa tana farfasa 'ya'yan ta kawo ɗaci, ta kuma cusa iska miyar ta koma ruwan lemo maimakon ja. Albasar Galmi tana da ƙarfi a ɗanye, amma in kin yanka ta ƙanana kika bar ta a mai cokali 3 a ƙaramar wuta minti 10 da ɗan gishiri, sai ta narke ta yi zaƙi ba tare da ta yi ja ba. Ki zuba tumatur, wuta matsakaiciya, tukunya a buɗe, minti 20 zuwa 25. Alamar ta yi ita ce in kin ja cokali a gindin tukunya hanyar ta tsaya daƙiƙa biyu kafin ta rufe. In ta yi tsami kada ki sa kanwa, tana kashe launi ta ba miyar ɗanɗanon sabulu. Ki goga karoti ƙarami tun tare da albasa, ko sukari rabin ƙaramin cokali a ƙarshe. Sauran cokali ɗayan na mai da ganyen, sai an sauke. Ɗoɗɗoyarmu ta fi ta Italiya ƙarfi, don haka ganye 4 ko 5 sun isa, a yaga da hannu, wuƙa tana sa bakinsa ya yi baƙi. Sannan taliyar a gama ta cikin miyar minti 2 kamar yadda Baba ya faɗa, ba a zuba fara a kwano a ɗora miya a kai ba.

Wannan miyar ta lokacin sanyi ce, Disamba zuwa Fabrairu, da tumatur ke cika kasuwa daga garake. Da damina, in ya yi tsada ya yi ruwa, gwangwanin "tomates pelées" (tumatur da aka cire wa ɓawo) na giram 400 guda biyu sun maye gurbin kilo ɗin. Tumatur na leda mai kauri ba madadinsa ba ne, cokali ɗaya kawai ake sawa don launi. Kauɗa ma tana aiki, Italiyawan kudu suna shanya tumatur kamar mu: ki wanke ta sau biyu don ƙura da yashi, ki jiƙa a ruwan zafi minti 20, ki yayyanka ki haɗa da na gwangwani.

Na biyun za ki yi dariya, domin taliya da wake ne. Su ma suna da shi, "pasta e fagioli", sai dai nasu ruwa-ruwa ne kamar fate. Wake giram 250, ki dafa shi ba kanwa har ya yi laushi, ki bar ruwan. A wata tukunya ki sa mai cokali 3, albasa 1, karoti 1, seleri kara 1, duk a yanka ƙanana ƙwarai, minti 10 zuwa 12 a ƙaramar wuta. Wannan haɗin na albasa, karoti da seleri shi ake kira "soffritto", shi ne tushen yawancin miyarsu. Ki sa tumatur 2, ki juye wake da ruwansa, ki ɗebi kashi ɗaya cikin uku na waken ki dame shi da ludayi ki mayar, shi ke kawo kauri. Ki kakkarya taliya giram 200 (a nan an yarda a karya), ki dafa ta cikin waken, kina motsawa don tana kama gindi, kina ƙara ruwan zafi in ya yi ƙarfi. Ki sauke ya huta minti 5. Kowane kwano a zuba mishi ɗanyen mai ƙaramin cokali ɗaya da masoro. In kuɗi ya matse, cokali ukun farko ki yi da man gyaɗa tatacce, ki bar zaitun na saman kwano kawai, don a nan ne ake jin shi. In kin ci karo da naman alade ko giya a wani bayanin girkin nasu, ki tsallake; a wake ba sa rage komai, inda ake son ɗan tsami kuma lemun tsami kaɗan ya wadatar.

Lissafin kuɗin ba shi da ban tsoro in an auna. Lita ɗaya cokali 66 ce. A misali, in kin saye ta jika goma, kowane cokali ya tashi dala 30. Abin da ke cinye kuɗi shi ne tuttulawa daga bakin kwalba.

Ajiya kuwa, maƙiyansa uku ne: zafi, haske da iska. Inda ya fi so shi ne digiri 14 zuwa 18, mu kuma a Afrilu da Mayu muna haura 40, ɗakin girki mai rufin kwano ya fi haka. Don haka kada ki sayi lita 5 don rahusa, ki sayi mililita 250 ko 500, in kin buɗe ki ƙarar cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Kada ya zauna kusa da murhu ko taga. Wuri mafi sanyi a yawancin gidajenmu shi ne ƙasa, gindin randa, a inuwa. Ki sa kwalbar cikin tukunyar ƙasa mai marfi ki ajiye a nan. Firigo ba ya ɓata shi, gajimare kawai yake yi ya yi gudaji, in ya fito ya narke. Matsalar ita ce fitarwa da mayarwa kullum, ga ɗaukewar wuta, raɓa na taruwa cikin kwalba. Dabarar ita ce ki ɗura na mako ɗaya a ƙaramar kwalba busasshiya, babbar ta zauna a firigo a rufe. Kuma kada ki zuba sabo a kan ragowar tsoho.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: kada a jiƙa ɗanyar tafarnuwa ko ɗanyen ganye cikin mai a ajiye a kanta wai ya ɗauki ƙanshi. Inda babu iska ƙwayar cutar botulizim tana iya tsirowa ta saki guba, kuma ba wari ba canjin launi. In an yi, a firigo, a cinye cikin kwana 4.

Uwargida, Ali Ɗan Sofo

Allah ya saka da alheri, na gane inda ɗacin ya fito. Saura ɗaya Malama: koriyar miyar nan da ba a dafawa, ana iya yin ta a nan? Kayan nata ban taɓa ganinsu a kasuwa ba.

Malamar Girki, Mokoyo

Pesto kike nufi, na birnin Jenowa. Na asali ganyen basilik ne, wato ɗoɗɗoyar Italiya, da 'ya'yan itacen pin, tafarnuwa, cuku iri biyu masu tauri (Parmijano da Pekorino), gishiri da mai. Namu ba zai zama shi ba, amma zai yi daɗi. Na mutum huɗu: ganye giram 50, kashi ɗaya ɗoɗɗoya kashi biyu farsil saboda ƙarfin tamu, gyaɗa soyayya sama-sama wadda aka murje ɓawonta cokali 2, ko kashu in akwai, shi ya fi kusa, tafarnuwa 1, mai cokali 6, gishiri kaɗan. In an samu cuku mai tauri a manyan butik, giram 50 a goge. Cukunmu busasshe ba shi da gishiri da ƙarfin nasu, in za ki sa shi ki daka shi lukui ki ƙara gishiri.

Sunan kansa daga daka ya fito, don haka turmi ne kayan aikin, amma ba wanda ya sha daddawa da tonka ba, itace yana riƙe wari. Ganyen ya bushe sarai bayan wanki, ruwa na sa shi baƙi. Ki fara da tafarnuwa da gishiri, sai gyaɗa, sai ganye kaɗan-kaɗan kina murzawa a jikin turmin maimakon bugawa, sai cuku. Man a ƙarshe, da cokali za ki gauraya shi. In na'ura za ki yi amfani da ita, ki niƙa komai da ɗan ruwan sanyi a taƙaice, ki juye, sannan ki sa man da hannu, domin wuƙar na'ura tana fito da ɗacin man zaitun, zafinta kuma ya dafa ganyen. Ba ya hawa wuta ko kaɗan: ki zuba shi a kwano, ki sassauta da ruwan taliya cokali 3, ki juye taliyar a kai ki juya. Ragowar ki danna a ƙaramar kwalba, ki rufe samansa da mai kaurin tsinken ashana, firigo, kwana 2 zuwa 3.